Tarihin Amurka ko na duniya? Neman shawara kan manhajar aji takwas

Maman_Hanifa
Assalamu alaikum jama'ar gida. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni a harkar koyar da yara a gida. Muna Bronx a birnin New York, kuma 'yata za ta shiga aji takwas a watan Satumba, shekarar ƙarshe ke nan kafin babbar sakandare. Lissafi da Turanci da kimiyya duk na tsayar da abin da za mu yi, tarihi ne na rasa ta inda zan ɓullo masa. A aji shida da bakwai mun yi tarihin mutanen da, Masar da Girka da Rum, muka gangaro har wajen 1500. Yanzu ko dai mu ci gaba da tarihin duniya mu ƙaraso zamaninmu, ko mu ajiye shi mu ba tarihin Amurka shekarar baki ɗaya. Babanta yana so ta shiga makarantar gwamnati a aji tara. Sannan ina son littafin da ba sai na riƙa tsallake shafuka saboda aƙida ba. Don Allah wanda ya taɓa bi ta nan ya taimaka.

Ummu_Yasir
Wa'alaikumussalam Maman Hanifa. Ni dai tarihin Amurka zan ce. A nan aka haifi yarinya, a nan za ta jefa ƙuri'a in ta cika sha takwas. Bai dace ta shiga sakandare ba ta san abin da ya jawo yaƙin basasar ƙasar ba.

Malam_Bashir_Albany
Hajiya, kafin a kai ga maganar littafi ki duba doka tukuna, don a jihar New York ba a sakar wa iyaye komai ba. Ƙa'idar karatun gida ta ce dole yaro ya yi tarihin Amurka, da tarihin jihar New York, da kundin tsarin mulkin ƙasa da na jiha, aƙalla sau ɗaya kafin ya gama aji takwas. In kin taɓa sa su a tsarin karatun da kike miƙa wa hukumar ilimi, kin fita. In ba ki taɓa ba, wannan shekarar ce kaɗai ta rage miki. Haka kuma a aji bakwai da takwas a haɗe ana son kashi biyu na tarihi da labarin ƙasa, kowane kashi awa 108.

Abu na biyu, tunda Alhaji yana son ta koma makarantar gwamnati, ki dubi abin da za ta tarar. A tsarin jihar, aji bakwai da takwas duk tarihin Amurka ne: na bakwai ya tsaya a yaƙin basasa, na takwas ya ɗauka daga bayan 1865 zuwa yau. Aji tara kuwa tarihin duniya ne tun daga farko har 1750, aji goma daga 1750 zuwa yanzu, sai a yi jarrabawar jiha da ake kira Regents. Ba za ta sake haɗuwa da tarihin Amurka ba sai aji sha ɗaya. To kin gani, na duniya yana jiran ta har shekara biyu a jere. Abokan karatunta kuwa za su zo da shekara biyu na tarihin Amurka a kansu, malamai kuma za su ɗauka kowa ya sani.

Maman_Hanifa
Na gode Malam. A aji huɗu mun yi tarihin jihar da ɗan na Amurka, yana cikin rahoton da na miƙa a lokacin. Kundin tsarin mulki ne ba mu zauna a kansa ba. Amma abin da yaro ya yi yana ɗan shekara tara ai ba a dogara da shi.

Abu_Sadiq_Houston
Ku 'yan New York Allah ya ba ku haƙuri da cike takardu. Mu a Texas ba ma sanar da kowa. Tun hukuncin kotun ƙolin jihar na 1994 ake ɗaukar karatun gida a matsayin makaranta mai zaman kanta, abin da ake nema kawai karatu, da haɗa baƙi, da nahawu, da lissafi, da tarbiyyar zama ɗan ƙasa nagari. Amma maganar Malam Bashir ta yi daidai da namu ta wani gefen: a makarantun gwamnatin nan aji takwas tarihin Amurka ake yi daga zuwan Turawa har 1877, a kuma yi jarrabawar jiha a kansa. Na faɗi haka ne don masu karantawa daga wasu jihohi su sani kowace jiha da nata tsarin. Kada wani ya ɗauki lissafin New York ya kai Ohio.

Hajiya_Bilki_MD
Ƙanwata, bari in yi miki bayanin kasuwar yadda na fahimce ta, don yarana uku sun wuce wannan ajin a hannuna.

Mafi yawan manyan kamfanonin littattafan karatun gida na Kiristoci ne, kuma ba sa ɓoyewa. Abeka daga wata kwalejin Kirista take a Pensacola ta jihar Florida. BJU Press ta Jami'ar Bob Jones ce tun asali, a South Carolina. Notgrass da Sonlight su ma sun faɗa ƙarara cewa a kan aƙidarsu suka gina. Sun rubuta wa 'ya'yansu ne, wannan haƙƙinsu ne. Sai dai a irin waɗannan, addinin ba a shafi ɗaya yake ba da za ki tsallake, yana cikin yadda ake bayanin dalilin faruwar kowane abu.

Akwai waɗanda ba su sa addini ba: BookShark, wanda ya fito daga gida ɗaya da Sonlight amma aka cire darussan addini, da History Odyssey, da Oak Meadow, wanda ajinsa na takwas ya fi karkata ga tsarin mulki da haƙƙin ɗan ƙasa.

In tarihin Amurka kika zaɓa, ni A History of US na Joy Hakim zan nuna miki. Juzu'i goma ne, an rubuta shi kamar ana ba yaro labari, babobin gajeru, ga hotuna da taswira. Amma goma a shekara ɗaya gudu ne. Mu mun raba shi shekara biyu. In shekara ɗaya gare ki, ki yi sauri a biyun farko, ki zauna sosai daga juyin juya halin 1776 zuwa na shida, wanda shi ne na yaƙin basasa. Kuma kada ki saya kafin ki leƙa laburare, galibi suna da shi.

Zee_Columbus
Maganar Anti Bilki gaskiya ce. Na taɓa sayen kwalin littattafan hannu a wajen wani taron masu karatun gida, da araha sosai. Ba zan kama sunan kamfanin ba. Ɗana yana karanta babin da ya yi maganar zuwan Musulunci sai ya ɗago kai ya ce, "Mama, mu ake nufi a nan?" Ranar muka rufe shi. Yanzu duk littafin tarihin da zan saya sai na fara buɗe jerin sunayen da ke bayansa na nemo Musulunci da Afirka da bauta, na karanta shafukan nan a tsaye kafin in biya kuɗi.

Baban_Khalil
Ni ina da ja a nan. Ana ta cewa a nemi wanda ba addini kamar shi ba shi da ra'ayi. Kowane mai rubuta tarihi yana da inda ya tsaya. Wanda ya cire addini gaba ɗaya shi ma ya koya wa yaro cewa imani ba ya motsa mutane, sai kuɗi da mulki, kuma wannan ba gaskiya ba ne. Ta yaya za ka fahimci masu yaƙi da bauta a Amurka in ba ka san yawancinsu daga coci suka taso ba? Ɗan shekara sha uku ya isa a nuna masa shafi a ce, wane ne ya rubuta wannan, me yake so ka yarda da shi? Gara ya ci karo da irin wannan babin a gabanka da ya ci karo da shi a aji tara ba ka nan.

Kuma ni na duniya zan zaɓa. Kun tsaya a 1500, daidai inda labarin ya fara haɗewa. In ta yi 1500 zuwa yau, Amurka tana ciki, amma za ta gan ta a matsayin ƙasa ɗaya cikin ƙasashe.

Zee_Columbus
Baban Khalil, na yarda a nuna masa shafi ɗaya a tattauna. Amma ba zan ba shi littafin da zai kwana da shi shekara guda yana zagin abin da yake sallah dominsa ba. Akwai bambanci.

Ummu_Yasir
Wai The Story of the World fa? Na ga mutane da yawa suna amfani da shi.

Hajiya_Bilki_MD
Na Susan Wise Bauer, juzu'i huɗu. Yana da daɗin karatu, kuma na biyu ya kawo Ghana da Mali da Songhai. Amma don ƙananan yara aka fi yin sa. Na huɗu, daga 1850 zuwa rushewar Tarayyar Sobiyet, shi ne ya fi nauyi, ɗan aji takwas zai iya amfani da shi in an ƙara masa wasu karatun a gefe. Shi kaɗai bai isa ba.

Malama_Rabi
Na koyar a makarantar gwamnati kafin in zauna da nawa a gida, don haka bari in faɗi abin da na gani da idona. Yaran da suka zo daga karatun gida galibi sun fi sauran sanin labari. Inda suke tuntuɓe shi ne rubutu. A ba yaro takardu uku, jawabin wani shugaba, da zanen barkwanci na jarida, da jadawalin alƙaluma, a ce ya rubuta sakin layi biyar yana kafa hujja da su cikin minti arba'in, sai ya tsaya yana kallon takarda. Wannan kuwa shi ne abincin yau da kullum a tarihin sakandare, kuma a kansa jarrabawar Regents take tafiya.

Saboda haka Maman Hanifa, ko wanne kika ɗauka, ki ware rana ɗaya a mako ta takardun asali. Akwai darussan Reading Like a Historian da aka fara a Jami'ar Stanford, kyauta ne a intanet in kin yi rajista. Kowane darasi tambaya ɗaya ce da takardu masu karo da juna. Misali, wa ya fara harbi a Lexington a 1775? Ga shaidar sojan Ingila, ga ta mutanen gari, kowa ya ce ɗayan ne. Yarinya za ta koyi duba ranar da aka rubuta takarda, da wanda ya rubuta, da abin da zai samu in an yarda da shi. Wannan ma ya biya buƙatar Baban Khalil ba tare da an sayi littafin da zai ɓata rai ba.

Na kundin tsarin mulki kuma akwai iCivics, wanda tsohuwar alƙaliyar kotun ƙoli Sandra Day O'Connor ta kafa. Shi ma kyauta ne. Ki haɗa da karanta kundin kansa, ba shi da tsawo.

Dan_Kukawa
Jama'a duk na karanta, kuma har yanzu ba wanda ya tambayi ina namu tarihin yake. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Wannan ce fa shekarar ƙarshe da manhaja take hannunki, Hajiya. Daga aji tara wasu ne za su zaɓa mata, kuma in ta yi sa'a za a ba ta Mansa Musa da hajjinsa na 1324 a darasi ɗaya a wuce. Ba za ta ji sunan Shehu Usmanu ba, ba za ta ji Nana Asma'u da 'yan taru ba, balle Mai Idris Alooma.

Kuma ba sai kin bar tarihin Amurka kafin ki sa namu ba, don muna cikinsa. Akwai mutumin garinmu, Muhammad Ali ɗan Sa'id, wanda aka fi sani da Nicholas Said. A Kukawa aka haife shi, mahaifinsa Barka Gana babban kwamandan yaƙi ne a Borno. An kama shi yana yaro, aka ƙetara da shi Sahara zuwa Tarabulus, daga nan Istanbul, daga nan Rasha inda aka yi masa baftisma ya samu sunan Nicholas. Ya iso Amurka, a 1863 ya shiga runduna ta 55 ta Massachusetts, ta baƙaƙen fata, a yaƙin basasa. Bayan yaƙi ya koyar a makarantu a jihohin kudu na Amurka, ya kuma rubuta tarihin rayuwarsa da kansa. In yarinya ta zo babin yaƙin basasa ta tarar da ɗan Borno sanye da kakin sojan jihohin arewa na Amurka, ba za ta ƙara ganin darasin a matsayin labarin wasu ba.

Maman_Hanifa
Ikon Allah. Wallahi ban taɓa jin sunansa ba.

Inna_Talatu
In ƙara a kan na Dan Kukawa. Akwai Umar ɗan Sa'id, malami ne da aka kawo bauta Carolina, ya rubuta tarihinsa da Larabci a 1831. Rubutun yana Laburaren Majalisar Dokokin Amurka, sun sa hotonsa a intanet kowa zai iya gani. Na buɗe wa jikata a kwamfuta ban ce mata komai ba. Ta matso, ta sa yatsa a kan gilashin tana bin layin farko, sai na ji ta ce "Tabarakallazi biyadihil mulku." Da Suratul Mulk ya buɗe. Rubutun kuma irin wanda muka saba gani ne a allo. Ta juyo ta ce, "Inna, a gonar bayi ya rubuta wannan?" Daga nan ita da kanta ta riƙa neman sauran.

Wani abin da muke yi, mun manna doguwar takarda a bangon falo, muka ja layi biyu, na sama Amurka da sauran duniya, na ƙasa ƙasar Hausa da Borno. Ku dubi 1804 kaɗai. A Janairu Haiti ta samu 'yanci, a Fabrairu Shehu ya yi hijira zuwa Gudu, a Mayu masu binciken ƙasa Lewis da Clark suka kama hanyar yammacin Amurka, a Disamba aka yi bikin naɗa Napoleon sarki a Faransa. Ko 1903, shekarar da Turawa suka ci Kano da Sakkwato, a ƙarshenta ne 'yan'uwan nan Wright suka tashi jirgin sama na farko. Yaro in ya rubuta waɗannan da hannunsa ɗaya a kan ɗaya, ba ya mantawa.

Ummu_Yasir
Inna, shi Umar ɗin Bahaushe ne?

Dan_Kukawa
A'a, daga Futa Toro yake, bakin kogin Senegal. Haka Ayuba Sulaiman Diallo da aka kai Maryland a 1731, shi daga Bundu. Hausawa sun fi fitowa a tarihin Bahia ta Brazil, inda aka tona wani shirin tawayensu a 1807. Mu faɗa wa yara daidai, kada mu mayar da kowa namu.

Baban_Khalil
To tunda an zo nan, a faɗi duka. Shi Ayuba ɗin, bayi ya je sayarwa a bakin kogin Gambiya lokacin da aka kama shi. Kuma a daular Sakkwato an yi bauta mai yawa, an sayar da mutane a kasuwannin Kano. Shi kansa Nicholas Said ba Bature ne ya fara kama shi ba. In za mu zargi littattafan wasu da wanke kakanninsu, kada mu zauna a falo mu wanke namu. Yarinya za ta ji wannan wata rana, gara ta ji daga bakin uwarta.

Inna_Talatu
Haka ne ɗana. Mun yi wannan maganar da ita, ba ta yi daɗi ba, amma mun yi.

Sagir_Kano
Ni daga gida nake bin ku, malamin ƙaramar sakandare ne. Abin ya burge ni ƙwarai. Mu nan an cire tarihi daga manhajar firamare da ƙaramar sakandare wajen 2009, aka narkar da shi cikin wani darasi, sai bayan shekaru aka dawo da shi. Akwai samari da suka gama makaranta a tsakanin nan ba su san abin da ya faru a Burmi, inda Turawa suka yaƙi Sarkin Musulmi Attahiru, ba. Don haka kada ku ɗauka in kun turo yaro hutu gida zai tsinci tarihin a hanya. In za ku koya musu, ku koya musu da gangan. Wanda yake son hotunan ganuwa ko Gidan Makama ko marinar Ƙofar Mata don darasi, ya yi mini magana in ɗauko masa.

Abu_Sadiq_Houston
Allah ya saka da alheri Malam Sagir, ni ina so. Amma mu dawo kan tambayar Hajiya, kada mu ɗora mata kayan da ya fi ƙarfinta. An ce juzu'i goma, an ce takardun asali, an ce kundin tsarin mulki, an ce Sakkwato da Borno. Shekara ɗaya ce fa, ga hadda, ga lissafi. Kuma in ban manta ba a farkon aji takwas ake neman gurbin sakandare a birnin New York.

Malam_Bashir_Albany
Haka ne, da kaka ake yi. In tana son makarantun nan na musamman akwai jarrabawar SHSAT, ita kuma Turanci ne da lissafi, ba tarihi a ciki. Saboda haka watannin farko kada a cika wa yarinya kaya.

Malama_Rabi
Ba sai an yi duka daban-daban ba. Kwana uku littafi, kwana ɗaya takardun asali, kwana ɗaya layin bango irin na Inna. Namu tarihin ya shiga a waɗannan kwana biyun. In kuma tana son aiki babba guda ɗaya, akwai gasar National History Day, 'yan aji shida zuwa takwas suna da rukuninsu, kuma ana karɓar 'yan karatun gida. Yaro yana zaɓar batu ya yi maƙala ko baje koli ko ɗan fim, in ya yi nasara a jiha ya tafi na ƙasa a Jami'ar Maryland a watan Yuni. Nicholas Said batu ne da ba kowa zai kawo ba.

Maman_Hanifa
Allah ya saka wa kowa. Na zauna da Babanta jiya muka karanta tare. Zuciyata ta fi karkata ga tarihin Amurka saboda lissafin Malam Bashir, da takardar bango a gefe. Shi kuma maganar Baban Khalil ce ta shige shi, yana ganin kada mu yanke labarin a 1500 mu bar shi a rataye. Abin da ya rage mini, in na ɗauki na Amurka, daga ina zan fara? Daga farko, ko daga 1865 kamar yadda 'yan ajinta suke yi?

Hajiya_Bilki_MD
Daga farko, amma da sauri. Wanda bai san yadda aka rubuta kundin 1787 da yadda aka lallaɓa maganar bauta a cikinsa ba, ba zai gane gyare-gyare na 13 da 14 da 15 da aka yi wa kundin bayan yaƙin basasa ba.

Baban_Khalil
In kin fara daga farko ba za ki wuce yaƙin duniya na ɗaya ba kafin Yuni, sai ta rasa Martin Luther King da dokar shige da fice ta 1965, wadda ita ce ta buɗe wa irinmu ƙofar ƙasar nan. Shi ya sa har yanzu nake kan bakana.

Malam_Bashir_Albany
Ko wanne kuka tsayar, wasiƙar sanar da hukumar ilimi niyyar karatun gida dai kafin 1 ga Yuli take, kada muhawara ta sa a makara. Kuma ki rubuta kundin tsarin mulkin jihar New York da sunansa a cikin tsarin, ba na ƙasa kaɗai ba. Mutane da yawa suna mantawa da shi.

Zee_Columbus
Anti Bilki, naku juzu'o'in suna nan ko kin bayar? Nawa zai shiga aji bakwai, in suna nan zan biya kuɗin aikowa.